"Guy" da "you guys": raini ne ko kuwa haka bakinsu yake?

Baban Sadik:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman waɗanda suka san Turancin baka, wanda Turawa ke yi a tsakaninsu, su warware mini wani abu. A wurin aikinmu akwai wata 'yar Amurka da muke aiki da ita daga nesa, yarinya ce, ba ta wuce sa'ar ɗiyata ta fari ba. Duk saƙon da za ta turo mana da "Hi guys" take buɗe shi. Cikin waɗanda take turo wa akwai shugaban sashenmu, dattijo mai jikoki, akwai kuma mata biyu, ɗayarsu Hajiya ce da ta kusa ritaya. Ni dai a sanina "guy" namiji ne, namijin ma matashi, irin wanda za ka ce "gayen nan". To ta yaya za a haɗa dattijo da matan aure a kira su da wannan? Hajiyar ta ce in ja wa yarinyar kunne tunda ni na fi magana da ita. Kafin in yi ina so in tabbatar: raini ne, ko haka suke yi a can?

Direban Leeds:
Wa alaikumus salam Baban Sadik. Dakata da jan kunnen tukuna. Tasi nake ja a nan Ingila, kalmar nan kuwa kunnena ya ƙoshi da ita. Yarinya mai kawo abinci za ta tsaya a kan tsoho da tsohuwarsa ta ce "Are you guys ready?", wato kun shirya a kawo muku? Malamar makaranta tana kiran ajin 'yan mata zalla da "guys". Da zarar an sa mata "s" aka fuskanci mutane da ita, ta bar ma'anar namiji ta koma "ku" ko "jama'a". Amma in ka ji "a guy", mutum ɗaya, wannan namiji ne. Wanda ya ce maka "I met a guy" da namiji ya haɗu, ko tantama babu.

Maman Ilham:
Malam Direba, ko da haka suke yi a can, ai mu ba a can muke ba. Ita ce ta zo aiki da mu. Me zai hana ta koyi yadda ake gaida manya a nan? Mu in muka je ƙasarsu ai dole muke bin nasu tsarin. Ni in aka ce mini "guys" a gaban 'ya'yana wallahi raina sai ya sosu.

Direban Leeds:
Hajiya, ban ce ranki bai da hakkin sosuwa ba. A nan ma akwai tsofaffin Turawa da ba sa so, na sha ɗaukar fasinja yana mita wai yaran yanzu kowa "guys" ne a wurinsu. Abin da nake cewa, yarinyar ba da niyyar raini ta yi ba. A ganinta ma jawo ku take yi a jiki.

Tsohon Hedimasta:
Salamu alaikum. Ku ba ni dama in ɗan tsawaita, don kalmar nan tana da tarihin da na daɗe ina sha'awa, kuma na koyar da shi lokacin da ake karanta tarihin Ingila a makarantunmu.

Asalinta sunan mutum ne: Guy Fawkes, haifaffen garin York a 1570. Soja ne, ɗan ɗariƙar Katolika, ya yi shekaru yana yaƙi a ɓangaren Sifaniya a yaƙinta da mutanen Holan, a can ya ƙware a harkar albarushi. A zamanin nan Katolika suna cikin matsi a Ingila. Tun dokar 1581, wanda ya ƙi halartar cocin gwamnati tarar fam 20 ake ɗora masa duk wata, kuɗin da talaka ba ya samu a shekara. Da Sarki James na Ɗaya ya hau gado a 1603 sun sa ran sassauci, ba su samu ba. Sai wani mai suna Robert Catesby ya tara mutane, suka kai su 13, suka ƙulla za su tarwatsa ginin majalisar dokoki ranar buɗe zama, da sarki da manyan ƙasa duk a ciki.

Suka karɓi hayar wani ɗakin ajiya a ƙarƙashin zauren majalisar, suka jibge ganga 36 ta albarushi, suka rufe da itacen girki. Fawkes aka bar wa gadi da kunna wuta. Asirinsu ya tonu ne ta wata wasiƙa marar suna da aka aika wa Lord Monteagle, ana gargaɗinsa kada ya je zaman. Shi kuma ya miƙa ta ga hukuma. Aka bincike ginin, cikin daren 4 ga Nuwamba wayewar 5 ga wata, 1605, aka kama Fawkes a wurin. Da farko ya ce sunansa John Johnson. Aka kai shi kurkukun Hasumiyar Landan aka gana masa azaba har ya faɗi sauran. Takardar da ya sa wa hannu bayan azabar tana nan har yau, rubutun a karkarwe, da ƙyar ake gane sunan. An kashe shi ranar 31 ga Janairun 1606.

Ga inda kalmar ta fito. Majalisa ta kafa doka cewa duk 5 ga Nuwamba a yi godiya ga Allah da ya tsare sarki, dokar da ta zauna har 1859. Jama'a suka mai da ranar ta hura wuta a fili. Daga baya yara suka riƙa ɗinka mutum-mutumi da tsummokara, su cusa masa ciyawa ko takardu, su sa masa tsohuwar hula, su tura shi a baro suna bin titi suna roƙon kwabo, da dare a jefa shi a wuta. Kusan kamar yadda yaranmu ke tashe da azumi, su yi shigar ban dariya suna bin gidaje ana ba su sadaka. Wannan mutum-mutumin shi ake kira "guy". A ƙarni na 19, in aka ga mutum ya yi shiga wata iri, kaya ba su dace da juna ba, sai a ce ya zama "guy". Kun ga a lokacin ba'a ce. Da kalmar ta haye Amurka, inda ba ruwansu da bikin, sai dafin ya fita, ta zama "mutum" kawai. Daga can finafinai da talabijin suka maido wa Ingila da ita da sabuwar ma'anar, suka kuma watsa ta duniya.

Ɗan Kwari:
Ikon Allah. Baba Hedimasta, ashe duk "my guy" ɗin da muke yi a kasuwa sunan wanda ya so tayar da bam muke kira?

Abu Maryam:
To ai wannan ma ya isa hujja a daina. Kalmar da tushenta mai cin amanar ƙasa ne da gunkin da ake ƙonawa, me ya kai Musulmi kiran ɗan'uwansa da ita? Ga "ɗan'uwa", ga "malam", ga "bawan Allah". Mun rasa kalmomi ne?

Tsohon Hedimasta:
Malam Abu Maryam, ina tare da kai a rabin maganarka. Ba mu rasa kalmomi ba, kuma ina baƙin cikin jin yaro Bahaushe ya kasa gama jimla ɗaya ba tare da "guy" ba. Amma batun tushe ban yarda ba. Ma'anar kalma tana wurin masu furta ta yau. Ba'amurken da ya ce "that guy" ko kusa Fawkes bai zo masa a rai ba, da yawansu ma ba su taɓa jin labarinsa ba. In da tushe za a bi, "Saturday" sunan abin bautar Rumawa ne, "Thursday" na abin bautar mutanen arewacin Turai ne, kuma kullum muna rubuta su a takardun ofis ba wanda ya ce mun yi shirka. Sannan mutum-mutumin ba gunki ba ne, ba bauta masa suke ba, la'antarsa suke yi.

Abu Maryam:
Na karɓi maganar gunki, Baba. Amma ina nan a kan cewa tamu ta fi.

Na Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Mu da muka yi karatu da Faransanci, Guy suna ne na yanka kamar kowane suna, kuma "Gi" muke furta shi, ba "Gai" ba. Akwai Faransawa da yawa masu sunan. Normandawa, mutanen arewacin Faransa, su ne suka kai shi Ingila bayan sun ci ƙasar da yaƙi a 1066. Ranar da na fara jin 'yan Najeriya a kasuwar Mai'aduwa suna ta "gai, gai" na ɗauka wata kalma ce dabam. Mu abin da samarinmu ke cewa shi ne "mec" ko "gars", kuma hukuncinsu ɗaya da wanda kuke tattaunawa: tsakanin abokai lafiya lau, amma ba ka isa ka ce wa surukinka "mec" ba.

Malamar Turanci:
Tunda Na Damagaram ya taɓo furuci, bari in shigo, don nan ne ɗalibaina ke yawan faɗawa rami. Harafin "u" da ke bayan "g" ba a furta shi. Aikinsa kawai ya nuna "g" ɗin mai ƙarfi ce, kamar a "guest" da "guide" da "guitar". Don haka "gai" ake cewa, kamar farkon "gaisuwa". In ka karkata bakinka ka ce "gei" ka faɗi wata kalma dabam, "gay", wadda yau ake nufin mai neman jinsinsa da ita. Ba su haɗa tushe ba ko kaɗan. Ina jaddada wa yara wannan saboda na ga inda kuskuren ya haddasa faɗa.

Yanzu ga tambayar Baban Sadik. Akwai dalilin da ya sa Turawa suka rungumi "you guys", kuma mu Hausawa ba ma jin wannan ƙishin shi ya sa abin ke ba mu mamaki. Mu muna da "kai", muna da "ke", muna da "ku". Turanci ma da yana da bambancin: "thou" na mutum ɗaya, "ye" da "you" na mutane da yawa. Sai suka fara ce wa babban mutum "you" don girmamawa, daidai yadda muke ce wa dattijo "kun tashi lafiya?" alhali shi kaɗai ne. A hankali kowa ya so a girmama shi, "thou" ta koma kalmar da ake yi wa bara da yaro, zuwa ƙarshen ƙarni na 17 ta fice daga Turancin yau da kullum, sai a littafin addini da waƙa da wasu karkarar arewacin Ingila. Aka wayi gari "you" ɗaya ce tilo, ko mutum ɗaya kake nufi ko ɗari.

To harshe ba ya zama da irin wannan giɓin. Kowane yanki ya ƙirƙiro nasa "ku". Mutanen kudancin ƙasar Amurka suna cewa "y'all". Mutanen birnin Pittsburgh na Amurka suna cewa "yinz". A Ayalan da Liverpool za ka ji "youse". A Ingila akwai "you lot". Turancin Buroka namu na Najeriya yana da "una". Mafi yawan Amurka kuma "you guys" suka ɗauka. Don haka yarinyar nan in ta rubuta "Hi guys", a kunnenta "sannunku" ta ce.

Maman Ilham:
Malama, bayaninki ya shige ni. Sai dai ki duba: "sannunku" tamu ba ta sauke kowa daga matsayinsa. Wannan kuwa tana mai da shugaba da masinja sa'o'in juna.

Malamar Turanci:
Nan kam kin taɓo ainihin wurin, Maman Ilham. Kalmar ba zagi ba ce, amma tana daidaita kafaɗa. Duk wanda ka kira "guy" ka ce masa ni da kai ɗaya muke a wannan zaman. A ofisoshin Amurka da yawa wannan abin so ne, ma'aikaci yana kiran shugabansa da sunansa na yanka kai tsaye, shugaban ma shi ke neman a yi hakan. Mu kuwa ko sunan yayanka ba ka kira gatsau sai ka sa "Yaya". Matar kirki a da ko sunan ɗanta na fari ba ta faɗa. To in waɗannan tarbiyya biyu suka haɗu a saƙo ɗaya dole wani ya ji wani iri. Kuma ko a can ɗin akwai iyaka: ba mai tsayawa gaban alƙali ya ce masa "guy", ba mai rubuta takardar neman aiki ya buɗe da "Hi guys".

Ɗan Kwari:
Ni tambayata dabam ce. "Gaye" da "gayu" namu, daga nan suka fito? Don mahaifina yana ba mu labarin 'yan gayun zamaninsu, masu wando fantalo da takalmi mai tsini da gashi a taje, tun kafin a haife mu.

Tsohon Hedimasta:
Daga nan ne, ɗana. Mun ari kalmar muka ɗinka mata rigar Hausa: ɗan gaye, 'yar gayu, 'yan gayu, ya ci gayu, ta sha gayu. Abin da ke burge ni shi ne yadda ma'anar ta juya. A Ingila ta fara da mai shigar tsumma da ake yi wa dariya. A bakinmu ta zama mai tsaf-tsaf, wanda guga ta kwanta a rigarsa, turare na tashi. Duka biyun dai a kan tufafi suke. Lokacin ƙuruciyarmu in dattijo ya ce "wane ai ɗan gaye ne" ba yabo yake ba, yana nufin yaron ya fi kula da madubi a kan gona ko allo, kuma ba lallai a ba shi 'ya ba. Yau kuwa uwa da bakinta za ta ce ɗiyarta 'yar gayu ce tana alfahari.

Sai kuma aro na biyu da ya zo daga baya, wanda ku yaran yanzu ke yi: "gayen nan ya cuce ni", "wani gaye ne ya kawo kayan". Wannan ba ruwansa da ado, ma'anar Amurka ce tsantsa, mutum kawai. Kalma ɗaya muka ara sau biyu.

Ɗan Zangon Kumasi:
Salamu alaikum 'yan'uwa. A nan Gana akwai abin da muke kira "guy name", wato laƙabin da saurayi ke sa wa kansa ko abokai su sa masa, wanda za a san shi da shi a unguwa da filin ƙwallo. Wani har ya tsufa ba a san sunansa na yanka ba sai ranar ɗaurin aurensa ko jana'izarsa. Kuma a nan ma kalmar tana ɗauke da ƙamshin ado da ji da kai, kamar yadda Baba ya faɗa a kan gayu.

Ɗan Kwari:
To ku ji ta kasuwa. In abokin cinikina daga Legas ko Onitsha ya kira waya ya ce "my guy, how far?", na san zumunci ne, kamar in ce "mutumina, ya ake ciki?". In ya ja ta ya ce "guuuy!" mamaki ne ko takaici. In ya ce "this guy sef" to na ƙure shi. Amma in aka nuna maka wani aka ce "na guy man", riƙe aljihunka. Ɗan wayo ne, wani lokaci ma ɗan damfara kai tsaye. Wani yaron shagonmu ya taɓa jin an ce wa wani dillali haka ya ɗauka yabo ne, ya ba shi yadi bashi, har yau ana nema.

Direban Leeds:
Wannan "guy man" ɗin namu ne na Afirka ta Yamma, Bature bai san shi ba. Nasu kuma akwai: "bad guy" shi ne mugu a cikin fim, wanda muke ce wa bos. "Fall guy" wanda aka ɗora wa laifin wasu. "Wise guy" mai shegen iyayi, wanda ya fiye nuna ya sani. "Tough guy" mai nuna shi ƙarfe ne. In Ba'amurke ya ce "I know a guy" yana nufin yana da wanda zai yi maka aikin, makaniki ne ko mai gyaran famfo, sau da yawa a farashi mai sauƙi.

Baban Sadik:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya ƙara ilimi. Na karanta wa Hajiya bayanin Malama, ta ce ta fahimta amma dai har yanzu ba ta so. Abin da zan yi, zan kira yarinyar mu yi magana ta fahimta, in gaya mata a al'adarmu manya sun fi jin daɗin "Dear all" ko "Good morning everyone". Ba faɗa, ba ƙorafi a rubuce.

Ɗaliba a Ohio:
Baba, hakan ya yi daidai, kuma ina kyautata zaton za ta karɓa ba tare da jin haushi ba, don muhawarar nan a cikinsu ma ana yinta. Akwai mata a nan da ke cewa: me ya sa kalmar maza ce za ta rufe kowa, alhali ba wanda zai shiga ɗakin maza ya ce "hi girls" a zauna lafiya? Shi ya sa wasu malamanmu a jami'a suka koma "folks" ko "everyone", wasu ma 'yan arewacin ƙasar sun ari "y'all" ta kudu. Wasu matan kuma suna cewa su ba ta dame su ba, su da kansu suke kiran ƙawayensu da ita. A ɗakin kwananmu mu huɗu ne, duk mata, kuma "guys" muke kiran juna dare da rana.

Abin da na lura da shi da kunnena: in ana magana DA mutane, kalmar ta kowa ce. In ana magana A KAN mutane, sai ta koma ta maza. "You guys, come and eat" kowa ya taso. Amma "there were some guys outside" maza ne a wajen. In mace ta ce "I'm going out with the guys", abokanta maza take nufi. Wannan bambancin shi ne bai zo a littafin da muka karanta a sakandare ba.

Maman Ilham:
'Yata, ki riƙe Hausarki dai da kyau a can. Kada ki dawo kina ce wa iyayenki "guys".

Ɗaliba a Ohio:
In sha Allahu Mama, ba za a yi haka ba. Ko a waya sai na durƙusa a zuciyata kafin in gaida Abba.

Abu Maryam:
Malam Direba, tunda kana cikinsu, wani abokin karatuna ɗan Ingila yana yawan cewa "bloke" da "chap". Su ma ɗaya suke da wannan?

Direban Leeds:
Kusa ne amma ba ɗaya ba. "Bloke" ta Ingila ce da Ostareliya, namiji ne zalla, ba a taɓa haɗa mata a ciki. Tana nufin mutum na gari-gari, marar girman kai, irin wanda za ku zauna ku yi hirar ƙwallo. In aka ce "he's a good bloke" an yabe shi sosai. Kuma ba a kiran mutum da ita a fuskarsa, ba za ka ce "hello bloke" ba, a bayan ido ake faɗinta. In za ka kira shi sai ka ce "mate", wannan kam fasinja goma, takwas da ita za su kira ni. A nan Yorkshire kuma akwai "lad" ga saurayi, "lass" ga budurwa, sannan tsohuwa za ta ce maka "love" ko ba ta taɓa ganinka ba, kada ka ɗauka wani abu ne.

"Chap" ta tsofaffi ce da masu hali, in saurayi ya faɗe ta sai a ji kamar ya ari bakin kakansa.

Malamar Turanci:
Kuma "chap" guntuwar "chapman" ce, tsohuwar kalma mai nufin ɗan kasuwa ko ɗan koli, danginta ɗaya da "cheap". Daga mai ciniki ta koma abokin ciniki, daga nan ta koma kowane mutum. Ɗan Kwari, wannan taku ce.

Wadda ta fi kama da gayunmu ita ce "dude". Ta yi tashe a birnin New York a 1883, kuma a lokacin ba'a ake yi da ita ga saurayin da ya cika ƙwalisa, mai matsattsen wando da sanda a hannu, ɗan gaye sak. Mutanen yammacin Amurka masu kiwon shanu suka riƙa kiran ɗan birnin da bai iya hawan doki ba da ita. Sai a ƙarni na 20 ta zama kalmar abota a bakin baƙaƙen fatar Amurka da samarin Kalifoniya masu wasa a kan igiyar ruwa, daga nan ta bazu. Yau har 'yan mata na kiran juna da ita. Amma ta fi "guy" zama ta yara. Ana iya jin shugaban ƙasar Amurka ya ce "these guys" a gaban 'yan jarida ba wanda zai ɗaga gira, "dude" kuwa ba kasafai ba.

Ɗan Kwari:
Malama, yarona zai rubuta WAEC bana, kuma bakinsa cike yake da "guy". In ya sa a jarrabawa za a rage masa maki?

Malamar Turanci:
A wasiƙar hukuma, da muƙala, da jawabin muhawara, kada ya kuskura. Ya rubuta "man", "young man", "boy" ko "person", in taro yake fuskanta kuma "ladies and gentlemen". A wasiƙar aboki an yarda da sassauƙan harshe, amma ni ina ce wa ɗalibaina ko a nan su taƙaita, don mai duba takarda malami ne irina, kuma da yawanmu in muka ga "guy" sau uku a shafi ɗaya sai mu fara zargin yaron ba shi da wata kalmar. In labari yake rubutawa ya sa ta a bakin wani saurayi a cikin zance, wannan daidai ne, har ma yana nuna ya san inda kalmar take zama. Ka ce ya rubuta wasiƙa biyu a kan abu ɗaya, ɗaya zuwa ga abokinsa, ɗaya zuwa ga shugaban makarantarsu, ka turo mini ta akwatin sirri in duba masa kafin ƙarshen mako.

Ɗan Kwari:
Allah ya saka da alheri Malama. Yau da dare zan zaunar da shi.